Yaya Zan Zaɓi Sababbin Littattafan Yara da Matasa Waɗanda Suka Ƙunshi Kowa da Kowa?

Tambaya: Ni malama ce, kuma bana aka ɗora mini nauyin sabunta laburaren makarantarmu. Ɗalibanmu sun kama daga 'yan shekara 5 zuwa 'yan 16. Duk jerin sababbin littattafan da na duba sai in ga ana cewa a nemi waɗanda suke nuna mutane iri-iri, masu launi daban, addini daban, masu naƙasa da sauransu. Anya wannan ba salon talla ba ne kawai? In kuwa da gaske ne, ta yaya zan bambance na ƙwarai da na cika kanta?

Amsa: Malama, sannu da ɗawainiya, Allah ya taya ki riƙo. Shakkar da kika yi ba laifi ba ce, don ni ma da ita na shiga aikin laburaren yara, kuma har gobe da sauranta a zuciyata. Akwai talla a cikin lamarin, wannan ba a ja. Kamfanonin ɗab'i 'yan kasuwa ne, abin da suka ga ana nema shi suke mannawa a bangon littafi. Amma ruwa ba ya tsami banza. Kafin maganar ta zama abin talla, koke ne na shekara da shekaru, kuma gara ki san inda ya samo asali, don ki iya gane littafin da ya amsa koken da wanda ya ari sunansa kawai.

A 1965 wata masaniyar koyar da karatu a Amurka, Nancy Larrick, ta buga maƙala a mujallar Saturday Review. Abin da ya tunzura ta tambayar wata yarinya ce baƙar fata 'yar shekara 5 a wata makarantar rainon yara a New York, wadda ta ɗago kai daga littafin da take kallo ta tambayi me ya sa kullum yaran ciki farare ne. Larrick ta bi littattafan yara 5,206 da kamfanoni 63 suka fitar tsakanin 1962 da 1964, ta tarar 349 ne kacal suke da ko da baƙin mutum ɗaya a ciki, wato kashi 6.7 cikin 100. Bayan shekara 20, a 1985, cibiyar nazarin littattafan yara ta Jami'ar Wisconsin, wadda aka fi sani da CCBC, ta soma ƙidaya duk shekara. A waccan shekarar, cikin littattafai wajen 2,500, guda 18 ne baƙaƙen fata suka rubuta ko suka zana.

Ƙidayar da ta fi tsaya mini a rai ita ce ta 2018. Cikin littattafai 3,134 na Amurka da cibiyar ta duba, rabi a kan fararen fata suke. Kashi 10 cikin 100 a kan baƙaƙe, kashi 7 a kan 'yan asalin Asiya, kashi 5 'yan asalin Latin Amurka, kashi 1 'yan asalin ƙasar na farko. Dabbobi da motoci da sauran abubuwan da aka sa wa baki kuwa sun kwashe kashi 27. Ki haɗa lissafin da kanki: duk waɗancan al'ummomi huɗu, gaba ɗayansu, ba su kamo zomo da beyar da tarakta ba. A Birtaniya ma wata cibiyar koyar da karatu mai suna CLPE ta duba littattafan yara 9,115 na shekarar 2017, ta samu 391 ne suke da wani ɗan tsirarun ƙabilu a ciki, kashi 4 ke nan, waɗanda kuma ya zama shi ne jarumin labarin ba su wuce kashi 1 ba, alhali kusan sulusin 'yan makarantar Ingila daga irin waɗannan gidaje suka fito. Wancan kashi 4 ɗin ya hau har ya kai kashi 30 a 2022, sannan ya rikito zuwa 17 a 2023. Wannan rikitowar ita ce ta ba shakkarki gaskiya: wasu kamfanonin yayi suka bi, da yayin ya lafa suka koma gidan jiya.

Alƙaluman nan na ƙasashe biyu ne, domin can ne aka daɗe ana ƙirgawa, kuma littattafansu ne suka fi yawo a duniya. A wani wurin giɓin yakan zo da wata kama. Yana iya zama duk jaruman 'ya'yan masu hali ne, ko duk 'yan birni, ko a ce yarinya ba ta da aiki a labari sai jiran a cece ta, ko harshen da yaro yake mafarki da shi babu shi a kanta ko ɗaya. Don haka kada ki ɗauko ma'aunin wata ƙasa ɗungurungum. Ki dubi yaran da ke gabanki, ki tambayi kanki wane ne babu shi a littattafanku.

Dalilin da ya sa abin ya dame mu, Farfesa Rudine Sims Bishop ta Jami'ar Jihar Ohio ta faɗe shi a 1990 da wani kwatance da har yau ma'aikatan laburare ba su daina ambatonsa ba. Ta ce littafi yakan zame wa yaro madubi ya ga kansa, yakan zama taga ya leƙa rayuwar wasu, wani lokaci kuma ƙofa ce ya buɗe ya shiga. Mutane sun fi riƙe ɓangaren madubin, sai su manta da ɗaya rabin maganarta, wato yaron da kullum kansa yake gani a littafi shi ma an cuce shi, don zai tashi yana zaton duniya iyakar farfajiyar gidansu ce. Saboda haka sayayyar nan ba ta wasu 'yan tsirarun ɗalibai ba ce, ta ajin ce baki ɗaya.

To yanzu ga inda gizo ke saƙar. Ƙirga fuskoki abu ne mai sauƙi, kamfani ma ya iya. Ana iya ɗaukar tsohon labari a rina fatar yaron ciki, a ɗaura wa ƙawarsa ɗankwali, a ajiye wani a keken guragu can gefen hoto, a ce an gama. Ni abin da nake dubawa guda ɗaya ne, sauran duk rassa ne: shin yaron da ke cikin littafin an bar shi ya zama mutum, ko darasi aka mai da shi? Yana da abin da yake so, yana da taurin kai, yana kuskure, yana ba da dariya? Shi yake warware matsalarsa, ko sai wani baƙo mai tausayi ya zo daga nesa ya warware masa?

Da tsada na koyi wannan. Akwai wata ɗaliba 'yar shekara 11 da take zuwa wurinmu, tana sa na'urar ji a kunne. Saboda ita na yi oda ta musamman na wani littafi a kan yarinya kurma, mai bango mai kyau, har da lambar yabo. Na miƙa mata ina murmushi, ina jin na yi abin kai. Bayan kwana biyu ta dawo da shi, alamar da ta sa tana shafi na 14. Ta ce, "Malam, wannan ai ba don ni aka rubuta shi ba, don su ne," ta nuna 'yan ajinsu da haɓa. Da na zauna na karanta sai na ga gaskiyarta. Tun daga farko har ƙarshe yarinyar labarin ba ta da wani hali sai kurumta, kuma an shirya komai ne don masu ji su koyi tausayi. Makonni kaɗan bayan haka na hango ta tana karanta wa ƙanenta wani littafin hotuna a kan yara da suka je kallon jiragen ruwa. A shafi guda, cikin cincirindon yara, akwai ɗaya da ke kan gaba yana ihu, da 'yar na'ura shuɗiya a bayan kunnensa. Rubutun bai ce uffan a kanta ba. Ta ɗora yatsa a wurin, ta daɗe ba ta juya shafin ba. Tun daga ranar na daina miƙa wa yaro littafi don kawai ya yi kama da wanda ke bango.

Ga wata dabara da ba ta cin minti biyar. Buɗe tsakiyar littafi ki duba wa ake ce wa "mu", wa ake ce wa "su". Na taɓa sayen katon guda na wani jerin littattafai a kan yaran duniya, ban buɗe ba sai da ya iso. Kowace ƙasar Turai da littafinta, Afirka kuwa, mai ƙasashe 54, an dunƙule ta a littafi ɗaya, da bukka da zaki a bango. Kowane shafi "suna zaune a kaza, suna sa kaza, suna rawa kaza," kowane yaro cikin kayan biki, kamar ba ya zuwa makaranta, ba ya faɗa da yayarsa, ba ya ɓatar da takalmi. Irin wannan littafi yawon buɗe ido ne, yana koya wa yaro kallon mutane yadda ake kallon kayan tarihi. Kallon kitse na yi wa rogo, kuma kuɗin ba su dawo ba.

A littattafan ƙanana, 'yan shekara 5 zuwa 8, zane ya fi rubutu magana, don haka a nan za ki fi ɓata lokaci. Dubi ko mai zanen ya bambanta fuskokin mutanen al'umma ɗaya, ko kuwa fuska ɗaya ya yi ta maimaitawa da launi mai duhu. Dubi gashi, ko an zana shi yadda yake tsirowa a kan mutum. Dubi wanda ke tsakiyar hoto yana aiki da wanda ke gefe yana kallo. Dubi likita da direban jirgi da mai shara, su wane ne. Keken guragu ma yana tona asirin mai zane: wanda bai taɓa lura ba sai ya zana irin na asibiti, ƙato, wani babba na turawa, alhali yaron da ke rayuwa a keke nasa daidai jikinsa yake, shi yake tuƙa abinsa. Kada kuma ki raina littattafan da babu rubutu ko kaɗan sai hotuna. Ƙungiyar littattafan yara ta duniya, IBBY, ta soma tara irinsu a 2012 saboda yaran 'yan gudun hijira da ke sauka a tsibirin Lampedusa na Italiya da harsuna barkatai. In kina da ɗalibai masu harshen gida daban-daban, ko yaron da karatu bai zauna masa ba, irin wannan littafi kowa da harshensa yake karanta shi.

Matasa kuwa wata duniya ce. Babban kuskuren da manya muke yi shi ne mu cika musu kanta da wahala: yaƙi, bauta, gudun hijira, wariya, yunwa. Waɗannan labarai suna da muhimmanci, ban ce a cire su ba. Amma in duk lokacin da matashi ya ga mai kama da shi a littafi sai ya gan shi yana kuka, to an koya masa wani abu da ba a yi niyya ba, sauran 'yan ajin ma an koya musu. A 2015 wata yarinya Ba'amurkiya, Marley Dias, ta gaji da littattafan makaranta da kullum yaro farar fata ne da karensa, ta ƙaddamar da neman littattafai 1,000 da 'yan mata baƙaƙe suke jarumai, kuma ta samu har ta zarce. Alherin shekarun nan shi ne an samu labaran bincike, na almara, na sararin samaniya, na wasanni, na barkwanci, waɗanda jarumansu suka fito daga ko'ina, tatsuniyoyin Afirka da Asiya da Gabas ta Tsakiya sun zama tushen ƙagaggun labarai kamar yadda na Girka suka daɗe suna zama. Matashin da ya ce ba ya son karatu, gwada shi da labari cikin zane, ko wanda aka rubuta da gajerun baitoci kamar waƙa. Shafi ba ya cika masa ido, sai ya ga ya gama littafi guda, kuma wannan gamawar ta farko ita ce ke jawo ta biyu.

Sai maganar da wasu ke kauce mata, ni kuwa gara in faɗa miki. A bakin kamfanonin Amurka da Birtaniya, laƙabin nan na "masu nuna mutane iri-iri" yana da faɗi. Ƙungiyar We Need Diverse Books, wadda ta taso a 2014 bayan wani bikin littattafai a New York ya jera marubutan yara a zama guda dukkansu maza farare, ta fassara shi da cewa ya haɗa launin fata, ƙabila, addini, naƙasa, da kuma jinsi da masu neman jinsi ɗaya. Don haka laƙabin shi kaɗai ba ya gaya miki abin da ke ciki, ba ya kuma gaya miki shekarun da ya dace da su. Ƙari a kan haka, wani binciken kasuwa da kamfanin Bowker ya yi a 2012 ya nuna kashi 55 cikin 100 na masu sayen littattafan matasa 'yan shekara 18 ne zuwa sama, kuma kamfanoni sun san da haka. Littafin da aka yi wa ɗan 16 ba lallai ya dace da 'yar 12 ba, ko da a kanta ɗaya aka jera su. Babu gajeriyar hanya: ki karanta, ko ki raba wa malamai biyu uku su karanta, ku rubuta dalilin zaɓen kowane littafi a layi biyu. Ranar da uba ko uwa suka zo da tambaya, kuma za su zo, kina da amsar da ta fi "a jerin intanet na gani."

Wa ya rubuta? Tambaya ce mai kyau, amma kada ki mai da ita alƙali. Marubucin da ya rayu cikin abin da yake bayarwa yakan kawo ƙananan abubuwa da bincike ba ya bayarwa, yadda kaka take kiran jika in ta yi fushi, abin da ake yin shiru a kansa a gida. A 2015 marubuciya Corinne Duyvis ta ƙirƙiro wata alama a Twitter don nuna irin waɗannan littattafai, ta bazu sosai, amma a 2021 ita kanta We Need Diverse Books ta daina amfani da ita, don ta zama abin talla, kuma tana tilasta wa marubuta tona sirrin rayuwarsu kafin a yarda da su. Ni nakan karanta bayanin marubuci da godiyar da ke ƙarshen littafi. In baƙo ne ga al'ummar, nakan duba ko ya ambaci waɗanda suka duba masa aikin daga cikinta. Ki kuma tuna marubuci ba shi kaɗai yake yanke hukunci ba. Binciken da kamfanin Lee & Low ya yi a 2015 ya nuna kashi 79 cikin 100 na ma'aikatan harkar ɗab'i da sharhin littattafai a Arewacin Amurka farare ne, a 2019 kuma 76. Edita ne ke zaɓar abin da zai fito, shi ya sa ƙananan kamfanoni da na ƙasashen da labarin ya fito sukan fi manya dacewa.

Inda za ki nema ba shi da wuya. Jerin waɗanda suka ci kyaututtuka ya fi jerin talla aminci, ko da yake labarin ɗalibata ya nuna miki lambar yabo ma ba ta hana karantawa. Kyautar Coretta Scott King tun 1970 ake ba marubuta baƙaƙen Amurka, ta Pura Belpré tun 1996 ga 'yan asalin Latin Amurka, ta Schneider tun 2004 ga littattafan da suka shafi naƙasa, ta Batchelder kuma ga waɗanda aka fassaro daga wasu harsuna. Akwai kyautar Children's Africana ta littattafai a kan Afirka, wadda masana nahiyar ke cikin masu tantancewa. Laburaren yara na ƙasa da ƙasa da ke Munich a Jamus yana fitar da zaɓaɓɓun sababbin littattafai 200 duk shekara daga ƙasashe da harsuna masu yawa, da sunan White Ravens, kuma wannan jerin na fi so, don yana fitar da mutum daga zagayen Amurka da Ingila. Kamfanin Simon & Schuster ya buɗe sashen Salaam Reads a 2016 don labaran yara Musulmi. In kuɗi sun yi kaɗan, African Storybook da Book Dash na Afirka ta Kudu da StoryWeaver na Indiya suna ba da littattafan hotuna kyauta a intanet, da izinin bugawa da fassarawa. Ingancinsu ya bambanta, sai an tace.

Kafin ki kashe ko sisi, yi wannan. Zaro littattafan labari 100 daga kanta ba tare da zaɓe ba, ki ja layuka a takarda: wane ne jarumi, a ina labarin ya faru, yau ne ko zamanin da, wahala ce jigonsa ko rayuwar yau da kullum, wa ya rubuta. Manyan ɗalibai za su iya taya ki, kuma za ki ji sharhin da ba ki zata ba. Takardar ce za ta nuna miki ramin, ba kasidar kamfani ba. In sababbin sun iso, kada ki ware musu kanta ta daban da allo a sama. Na gwada, yara suka riƙa zagaye ta kamar kantar magani. Labarin bincike ya tafi cikin 'yan'uwansa, na barkwanci ma haka, a fito da bangonsu waje, a karanta babin farko a aji a tsaya daidai inda ya yi daɗi.

Ki kuma riƙe sulusin kuɗin zuwa zango na biyu. A lokacin rajistar aro za ta nuna miki waɗanda suka fita sau goma da waɗanda ko buɗe su ba a yi ba, sai ki ƙaro kwafi na biyu na duk wanda bayansa ya soma yagewa. Ajiye takarda da biro kusa da ƙofa, yara su rubuta abin da suke so a sayo ba tare da sa suna ba. A tawa takardar ta bara, mutum uku sun nemi ci gaban wani labarin aljanu, ɗaya ya nemi littafi a kan kifayen teku masu haske, wata kuma ta rubuta da jan biro cewa a samo labarin yarinya mai gilashin ido wadda ba ita ce haziƙar aji ba. Har yanzu ina neman wannan.